Wayoyin da Suruki Ya Yanke

Duk layinsu babu wanda bai san Mai Rediyo ba, ko da yake ya daɗe da rufe shago. Ƙuruciyarsa ya ƙarar da ita a wani ɗan lungu kusa da tashar mota, yana gyaran rediyo da fanka da dutsen guga, har zamani ya zo da kayan da in sun lalace jefarwa ake yi. Da ya ga ciniki ya ja baya sai ya tattara filayarsa da mitarsa da ƙarfen narka dalma ya koma gida, ya shige ɗakin baya, inda dama can rabin zuciyarsa take.

A ɗakin nan akwai wani faffaɗan tebur da ya cinye wuri, bai bar wa mutum komai ba sai 'yar hanyar da zai bi a kaikaice. A kan teburin akwai layin dogo, ɗan ƙarami, da jiragen ƙasa waɗanda taragonsu bai fi tsawon yatsa ba. Asalinsa wani kwali ne da ya saya wajen mai kayan gwanjo tun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana rarrafe, da niyyar yara su yi wasa. Yaran suka yi kwana biyu suka gaji, uban ya gaje abin. Shekara da shekaru yana ƙari: tasha ta kwali da tsinken ashana, tudu na takarda da gam, gada da ƙarafan tsohuwar lema. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, takan ce ita kam ta aurar da 'ya'yanta duka, saura babban, shi ne ya ƙi girma.

Baƙo in ya shigo, gada yake yabawa ko tasha. Shi kuwa Mai Rediyo abin alfaharinsa mararraba ne, wato wuraren da layi ɗaya ke rabuwa biyu. A kowace mararraba akwai siraran ƙarafa biyu kamar harsuna, in sun matsa dama jirgi ya miƙe, in sun matsa hagu ya karkata ya hau wani layin. Yana da irinsu goma sha wani abu, kuma kowacce da ɗan injinta a ƙarƙashin tebur: kwayil biyu, wato naɗin siririyar waya, da ɗan ƙarfe a tsakaninsu. Wuta ta shiga wannan kwayil ɗin ya fizgi ƙarfen, ta shiga wancan ya fizgo shi baya. Waya uku ke fita daga kowane inji, ja ta miƙewa, rawaya ta karkatawa, baƙa kuwa ta kowa da kowa ce, ita ke mayar da wuta inda ta fito.

Duk wayoyin nan a wuri ɗaya suke haɗuwa, a bayan wani allon falanki da ya kafa a bakin tebur. Ya shafa masa baƙin fenti, ya zana taswirar layukan da fari, a kan kowane reshe ya kafa ƙusar tagulla mai kumburarren kai. Sai kuma abin da yake kira alƙalami, wani tsinin ƙarfe mai mariƙin katako da waya a gindinsa. Ka ɗora alƙalami a kan ƙusa, ka ji ƙas daga can cikin tebur, hanya ta juya.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, allon nan ne ya hana shi zama ya naɗe hannu. Yatsunsa sun san mazaunin kowace ƙusa, kunnensa ya san muryar kowace mararraba. Ta bakin tasha tsawa take yi kamar an karya ƙirare. Ta bayan tudu muryarta a dushe take, kamar tsoho yana gyaran murya. Ko fitila ba ya buƙata. Maƙwabcinsa Tela, wanda shi ma ya aje keke saboda ciwon baya, kullum da yamma yana nan a kan kujerar roba yana kallon jirgi yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Ƙarshe dai ido ya matsa, aka ce sai an yi wa idanun aiki, ɗaya bayan ɗaya. Likita na son ya riƙa ganinsa a kai a kai, gidan ƙanensa kuma ya fi kusa da asibitin, don haka can ya tare na 'yan makonni. Ranar tafiya ya kulle ɗakin baya da hannunsa, ya damƙa wa Inna makulli, ya ce ko shara kada a yi.

Aiki ya yi kyau. Ranar da ya dawo, tun daga ƙofar gida yake mamakin abubuwan da ya manta kamanninsu: tsatsar da ta ci ƙasan ƙyaure, furfurar da ta cika goshin Inna. Ya tarar da Auta ta zo ita da mijinta. Mijin nan saurayi ne mai ladabi, aikinsa sa kyamarori da wayoyin sadarwa a ofisoshi, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Mai Rediyo bai taɓa samun wani abin zargi a kansa ba. Sai dai ya lura duk su ukun murmushi suke ta yi suna kallon juna, irin na mutanen da suka ɓoye wani abu a bayan hannu. Ko ruwa bai gama sha ba Auta ta kama hannun rigarsa ta ce ya zo ya ga abin da suka tanadar masa.

Ƙofar ɗakin baya a buɗe take. Abin da ya fara gani da sababbin idanunsa ke nan. Na biyu kuwa, bakin tebur wayam, babu allo, sai ramukan sukurori da wani farin tabo mai kusurwa huɗu inda rana ba ta taɓa taɓawa ba. Ya dafa tebur ya ɗan leƙa ƙasa, duk da an hana shi sunkuyo. Dajin wayoyin nan nasa, ja da rawaya da baƙi, an share shi ƙaƙaf. Wasu fararen bututun roba ne a jere tsaf kamar layin ruwa, sun nufi wani farin akwati mai 'yar koriyar fitila tana ƙifta ido.

Injiniya ya matso da sabuwar wayar hannu, ya miƙa masa da hannu biyu. A fuskar wayar ga taswirar layukansa nan, an zana ta daidai, ba a bar ko reshe ɗaya ba. Injiniya ya taɓa gilashin da yatsa. A bakin tasha harsunan suka sulale a hankali suka koma hagu, ko ƙis ba su yi ba. Ya tayar da jirgi, jirgin ya bi mararraba ya wuce gada ya zagayo bayan tudu bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yana ta bayani, wai sababbin injinan ba sa zafi, ba sa fizga, kuma daga kan gado ma ana iya juya hanya.

"Ina allona?" in ji Mai Rediyo.

Auta ta kalli mijinta, mijin ya kalli ƙasa, sannan ya ce tsofaffin wayoyin duk sun tsufa, sai suka haɗa su da allon da injinan suka ba mai sayen ƙarafa da ke wucewa da kura.

Da ɗansa na cikinsa ne ya yi wannan, da unguwa ta ji muryarsa. Amma suruki ne, ga kuma 'yarsa a tsaye tana jiran ya yi murna. Ya ce an gode, kalmar ta fito kamar an jawo ta da ƙugiya. Ya aje wayar a kan rufin tasha, ya ce idonsa na son hutu, ya wuce ɗaki.

Sai da baƙi suka tafi Inna ta sha nata. Ya tambaye ta ko makullin da ya ba ta ado ne na rataya a wuya. Ya ce an kai shi gyaran ido an dawo da shi an tarar an cire masa hannu da kunne, shi ke nan garin neman gira an rasa ido. Inna ta bar shi ya zazzage, tana ninke wanki ba ta ko ɗaga kai ba, sannan ta tuna masa wata rana kafin a yi aikin, da ya bar alƙalamin nan kwance a kan ƙusa bai gani ba, ya fita amsa sallama. Ita ce ta ji ƙauri daga kicin, ta shigo ta tarar hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin tebur, katako har ya fara baƙi. Ta ce tun ranar ba ta ƙara barci da ido biyu rufe ba, ɗaki cike da takarda da gam, bango ɗaya da inda suke kwana.

Ya ce sau ɗaya ne, kuma ya canza kwayil ɗin washegari. Ya ce da ta faɗa masa tsoronta ai da ya san abin yi.

"Kai ake faɗa wa magana a kan ɗakin nan?" in ji ta.

Shi a ganinsa wannan wata magana ce daban, ba ita ake yi ba. Abin da ke cin ransa a fili yake: mutum uku sun zauna sun yi shawara a kan kayansa, sun yanke hukunci, sun zartar, kuma duk tsawon makonnin nan Auta tana zuwa duba shi da kwandon lemo tana tambayar yaya ido, ba ta ce uffan ba.

Da safe Tela ya shigo yi masa barka da dawowa. Ya ji labari, ya je ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya dawo yana girgiza kai ya ce lalle wannan yaro ɗan kasuwa ne, ya karɓi waya ɗari ya ba da waya ɗaya. Da ya ga abokin nasa ko murmushi bai yi ba sai ya gyara fuska, ya ce ya san inda masu kura ke kai kayansu, wani fili ne a bayan masu walda. Inna ta tuna masa likita ya ce ya guji ƙura da hayaƙi. Ya ɗora baƙin tabaransa ya ce likita bai san an yi masa fashi ba.

Filin cike yake da matattun firji da ƙafafun keke da injinan fanka, irin waɗanda da can yake tayarwa daga mutuwa. A gefe ana ƙona wayoyi a cikin rabin ganga don a fitar da jan ƙarfe, baƙin hayaƙi na murtukewa. Mai filin, wani ƙaton mutum da tawul a wuya, ya saurare su yana sakace haƙori. Ya ce ya tuna kayan sarai, wayoyin tuni sun shiga wuta, falankin kuwa ga shi can. Ya nuna da haɓa.

An kifa allon a kan wata gangar ruwa ya zama murfi, an ɗora masa dutse. Mai Rediyo ya ɗaga dutsen ya juyo shi. An bi ƙusoshin tagullan da filaya an zare, sai 'yan kaɗan da suka ƙi fita, farin zanen kuma ya sha ruwa ya kumbura. Ya bi layin tasha da yatsa, rami bayan rami. Mai filin ya ce ya ɗauka kyauta, ya ƙara da cewa in jikansa ne ke kuka a kan abin wasan, gara a saya masa sabo. Tela ya yi maza ya shiga tsakani, don ya ga jijiyar wuyan abokinsa ta tashi.

Suka tona tarin ƙananan ƙarafa da sanda har rana ta take. Yawancin injinan an fasa su da guduma an warware kwayil ɗin, amma sun tsinci 'yan kaɗan da guduma ba ta kai gare su ba. Mai Rediyo ya zuba su a aljihu, ya ɗora allon a ka, ya ƙi yarda Tela ya taya shi. Haka ya ratso titi, tsoho da baƙin tabarau da ruɓaɓɓen falanki a ka, masu shaguna na leƙe suna tambayar lafiya. Duk wanda ya tambaya sai ya tsaya ya ba shi labari tun daga farko.

Kafin yamma labari ya kai gidan Auta. Ita da Injiniya suka iso, suka tarar da shi a tsakar gida yana goge allon da tsumma. Injiniya ya gaishe shi, ya zauna nesa kaɗan, ya nemi izinin magana. Ya ce shi bai yi don raini ba. Ya ce da ya shiga ƙarƙashin teburin ya tarar da wayoyin da robarsu ta bushe ta tsattsage, wasu tsirara suna gogar katako, an ɗaɗɗaure mahaɗa da salatif ɗin da ya daina kamawa. Ya ce duk ranakun hutunsa a ƙarƙashin teburin nan ya yi su a kwance, don kada Baba ya dawo da ɗanyen ido ya ce zai shiga da kansa. In kuma gilashin waya ne ba ya so, akwatin yana karɓar maɓallai, zai iya haɗa masa sabon allo mai kyau.

Mai Rediyo ya aje tsumman. Kunyar da ta ɗaure masa baki jiya ta ƙone a filin ƙarafa.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Na duba, ban ga kuskure ba. Na faɗa maka ne don kada ka tafi kana cewa tsoho ya raina aiki. Amma ido aka yi mini aiki, ba ƙwaƙwalwa ba. Ina da rai, ina da baki, gidan ƙanena ba a bayan duniya yake ba. Kayan mutum sai bayan ransa ake rabawa, ku kun raba nawa ina kwance ana ɗiga mini magani."

Injiniya ya daɗe yana murza makullin motarsa, sannan ya ce a hankali, "Baba, da na tambaye ka da ka ƙi."

"Da na ƙi. To sai me? Ƙin ma ai nawa ne, shi ma ka ɗauke."

Fuskar saurayin ta canza, ba fushi ba ne, irin ta wanda ya kawo kyauta ne aka mayar masa a gaban matarsa. Ya miƙe ya ce a yi haƙuri, ya yi sallama da Inna, ya fita ya zauna a mota. Auta ta tsaya tana kallon ubanta, idonta ya ciko, ta ce mutumin nan har yanzu bayansa ciwo yake saboda teburin nan. Uban ya ce bai aike shi ba. Ta juya ta bi mijinta.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Inna tana aje masa abinci ta ɗauke kwano, magana ba ta wuce ta magani ba. Shi kuwa ya shanya allon ya bushe, ya kankare, ya sake fenti, ya bi shagunan kayan gini yana neman ƙusar tagulla mai irin wancan kan. Duk da haka ya san babban aikin a ƙarƙashin tebur yake, wurin da aka hana shi shiga. Ran nan dai ya gaji da jira, ya shimfiɗa buhu, ya durƙusa yana shirin zura kai. Sai ya ji an ce, "In ka shiga, ni da kaina zan kira likitanka."

Auta ce a bakin ƙofa, ta ɗaura tsohon zane a kan kayanta, da ƙullin sabuwar waya a hannu. Ba ta gaishe shi da fara'a ba, shi ma bai nema ba. Ta ce ita ta karɓi makulli a hannun Inna, don haka ita za ta shiga, amma da sharaɗi biyu, kuma ba nata ba ne ita kaɗai: ba za a mayar da tsohuwar waya ko taƙi ɗaya ba, kuma sai ya yi dabarar da ko alƙalami ya wuni a kan ƙusa wuta ba za ta tashi ba. In ba haka ba Inna ta rantse za ta sa a yanke wutar ɗakin daga mita.

Ya yi gunaguni ya ce yanzu kuma a gidansa ake gindaya masa sharaɗi. Amma dabarar ya san ta. Ya buɗe tsohon akwatin shago ya zaro wata ƙatuwar kwandensa da ya cire daga rediyon wani da bai dawo karɓa ba. Ita tara wuta take yi ta sake ta gaba ɗaya kamar mari, daga nan sai an ɗaga alƙalami take sake cika, don haka kwayil ba ya samun wutar da za ta dafa shi. Ya ce dama tuni yake da niyyar sa ta, mutane ne ba su da haƙuri. Auta ta ce haka ne, ta zura kai ƙarƙashin tebur.

Tun tana 'yar firamare take shiga wurin nan tana zura masa waya ta ramuka, don hannunta ya fi nasa shiga lungu, kuma ashe hannun bai manta ba. Yana sama yana faɗa, tana ƙasa tana amsawa, katako a tsakaninsu. Ya ce ja ta tafi ƙusar miƙewa, ta ce ta sani. Ya ce ta goge bakin waya kafin ta sa dalma, ta ce in ya fi ta iyawa ya sauko. Tsakanin wannan da wancan sauran maganar ke fitowa. Ta ce mijinta maraya ne tun yana yaro, ya ɗauka ya samu uban da zai yi wa hidima, yanzu ko sunan gidan nan aka ambata sai ya tashi ya bar wurin. Mai Rediyo ya ji maganar ta taɓa shi, amma bai sauko ba. Ya ce hidima daban, ƙwace daban, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce ɗakin kuwa ya kusa cin wuta mai shi bai sani ba. Ya ce ta miƙo filaya.

Haka suka yi ta yi duk ƙarshen mako. Tana ciro sababbin injinan ɗaya bayan ɗaya tana miƙo masa, yana naɗe kowanne a jarida yana jerawa a kwali, don shi ba ya wulaƙanta kayan wani. Ranar da suka gama ta bakin tasha ya ɗora alƙalami a kan ƙusa, tebur ya ce ƙas, har Auta ta firgita ta buga goshi a katako. Daga kicin Inna ta ce to, an dawo da harbe-harbe.

Sai dai injinan da aka tsinto iyakarsu tasha. Na bayan tudu da na layin kaya babu. Ya zaga kasuwa, masu kayan lantarki suna juya samfurin a hannu suna cewa rabonsu da ganin irinsa tun suna yara. Ya gwada naɗa kwayil da kansa da wayar tsohuwar fanka, na farko ya yi rauni ko motsa harshe bai yi ba, na biyu ya fizga da ƙarfi har ya tsinke ɗan ƙarfen. Dole mararraban can suka zauna a kan farin akwatin, koriyar fitilarsa na ta ƙiftawa a ƙarƙashin tebur. Kullum ya gan ta sai ya yi tsaki.

An daɗe kafin Injiniya ya sake taka gidan. Da ya zo, a falo ya tsaya. Suka gaisa, suka yi zancen cunkoson hanya da tsadar tayar mota, kowa na kaffa-kaffa. Da zai tafi Mai Rediyo ya ɗauko kwalin injinan ya ba shi, ya ce ya ƙirga in yana so, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Saurayin ya karɓa, ya ce sauran da ke kan akwatin ana iya jawo musu waya zuwa ƙusoshin allo su riƙa amsa alƙalami, aikin yini ɗaya ne, in Baba ya yarda. Mai Rediyo ya ce zai yi tunani. Inna ta harare shi, ya yi kamar bai gani ba.

Abin da bai zata ba daga wajen Tela ya fito. Tunda mararraban bayan tudu sai da wayar hannu suke juyawa, shi kuma ya rantse ba zai taɓa ta ba, sai ya miƙa wa Tela ita ya ce ya riƙa danna abin da aka ce ya danna. Shekara nawa Tela na zaune a kujerar roba ba a taɓa ba shi alƙalami ba ko da wasa. Cikin mako guda ya ƙware. Ya sayo tabaran karatu musamman, ya fara zuwa tun kafin a gama abincin rana, har ya soma juya hanya ba a sa shi ba, ya tura jirgin fasinja layin kaya yana dariya. Da Mai Rediyo ya sanar da shi cewa kwayil na uku da yake naɗawa ya kusa yin daidai, ba da jimawa ba za a cire akwatin gaba ɗaya, sai Tela ya rungume wayar a ƙirji ya ce a bar masa bayan tudu, ai kowace ƙasa da sarkinta.

Mai Rediyo ya ce masa munafuki, ya ce da shi aka je filin ƙarafa, da idonsa ya ga abin da aka yi. Tela ya ce ya gani, kuma har gobe yana bayansa, yaron bai kyauta ba ko kaɗan, amma abin nan akwai daɗin dannawa. Ya tambaya ko a saki jirgin kaya yanzu ko a jira na fasinja ya wuce gada. Mai Rediyo ya ce a jira, ya ja kujerarsa gaban allo yana ta mita.